Jirin Malam Tamba

Ba don Sirajo ya yi zafin nama ba, da Malam Tamba ya sha ƙasa a ƙofar masallaci. An idar da sallar la'asar ke nan, tsohon ya miƙe zumbur kamar yadda ya saba, ya zura ƙafa ɗaya a takalmi, sai aka ga ya tafi luu ya nufi kwata. Sirajo ya cafko shi ta hammata, ya jingina shi da bango. Rigar tsohon ta jiƙe sharkaf, tafin hannunsa kuwa sanyi ƙalau a cikin wannan zafi na bazara.

"Baba, mi yas same ka?"

"Ba komi, Sirajo. Juwa ta. Yanzun ga ta wuce."

Kafin ya rufe baki Alhaji Atiku ya iso, hannu ɗaya a kan sanda, ɗayan yana lalube a aljihun gaba. Shi ne babba a majalisar unguwar, abokin yayan Malam Tamba ne tun na ƙuruciya, don haka ko zama Malam Tamba ba ya yi sai Alhaji ya zauna. Ya zaro wata 'yar leda da ta sha jiki, ya ɓallo farar ƙwaya.

"Jini na yah hau. Ungo, Tamba, haɗiye. Wagga ɗana yak kawo min daga unguwar Gesse, babban likita yar rubuta ta. Ba ta wasa."

"Alhaji, ku dakata," in ji Sirajo. "Ba a gwada ba hwa. Wa yas san ko hawa yay yi ko sauka?"

"Sauka? Mutum da hawan jini shekara da shekaru, ka ce sauka? Kai dai ja motarka."

Aka kwashe da dariya. Wani ya miƙo buta. Malam Tamba ya karɓi ƙwayar da hannu biyu, ya yi bismillah, ya kora da ruwa, har da addu'ar Allah ya saka. Sirajo ya tsaya yana kallon maƙogwaronsa yana motsi, ransa in ya yi dubu ya ɓaci.

A unguwar nan ta cikin Birnin Kebbi, maganin hawan jini yawo yake yi gida-gida kamar rariya. Wanda nasa ya ƙare ya aika maƙwabta. Wanda ya ji kansa ya yi nauyi ya karɓi na aboki. Ba mugunta ba ce, zumunci ne, kuma wannan ne ya fi ci wa Sirajo rai, don ba ka da bakin yi wa mai zumunci faɗa. Kowa ya haddace abu guda: mai hawan jini in ya ga jiri, jininsa ne ya hau, a ba shi ƙwaya.

Shi ma Sirajo haka ya sani a da. Direba ne, yana jigila tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, kuma shi ma yana da ciwon. Bara, a irin wannan lokaci, ya fito daga mota a tashar Argungu ya yanke jiki ya faɗi a gaban fasinjojinsa. Da aka kai shi asibiti aka ɗaura masa abin awo, sai ga jini ya yi ƙasa, ba sama ba. Ashe maganin da yake sha mai sa yawan fitsari ne, shi kuwa don kada ya riƙa tsayawa a hanya sai ya daina shan ruwa, ga gumi yana tsiyaya wuni guda a bayan sitiyari. Malamar asibitin ta wanke shi tas. Ta ce jiri ba ya faɗin daga ina ya fito. Yana iya zama magani ne ya yi yawa, ko ƙishirwa, ko yunwa, ko tashi tsaye farat ɗaya. Wani nasa daga kunne ne, wani daga zuciya, wani kuma gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne. Ba mai ganewa da ido, sai an gwada. Tun ranar Sirajo yake yawo da gorar ruwa a gefen birki, kuma yake yi wa duk wanda ya tsaya wa'azi. Matsalar ita ce Allah bai ba shi sanyin baki ba. Gaskiyarsa ma in ta fito kamar zagi take fitowa.

Shi kuwa Malam Tamba Maigandi, katangarsu ɗaya da Sirajo, Allah ya yi shi da kara har ta yi masa yawa. Ba a taɓa miƙa masa abu ya mayar da hannun mai shi ba. Ka ba shi ruɓaɓɓen goro, zai tauna a gabanka ya ce ya yi daɗi. Yana da nasa maganin da aka rubuta masa tun bara, bai koma an duba shi ba. Yanzu ga na Alhaji Atiku. Ga na Hajiyar gidan ƙarshen layi da take aiko wa matarsa, Inna Fadimatu, a ƙulle a leda. Ga zoɓo ba sukari da tafarnuwa da kowace mai dubiya ke kawowa. A kan wannan duka, wuni yake a fadamar Zauro, kansa a rana, yana ba shinkafarsa ta rani ruwa.

Da yamma Sirajo ya same shi a zaure yana ɗaure tiyon injinsa na ban ruwa da roba.

"Baba, gobe da sahe ka shirya in kai ka a gwada ka. Ba ni ɗaukar kowa sai mun gama."

"Gobe? Shinkahwa ta hwara ɗaukar ciki, Sirajo. In tas sha ƙishirwa cikin zahin ga, aikin shekara ya tashi banza."

"To jibi."

"Jibi ma ai ruwa ta ka sha."

"Kai kuma ba ka sha! Na ga gorarka yadda ta tahi hakanan ta ka dawowa. Ƙwaya ukku, huɗu, ba ci ba sha, cikin rana. Wallahi ko doki anka yi ma haka sai ya hwaɗi."

Malam Tamba ya yi murmushi, bai ɗago ba. "Direba ya zama likita. Allah shi ƙara sani."

"Ba wasa ni kai ba. Ka daina amsar maganin mutane."

"In ce ma Alhaji mi? In ce mai ba ni so? Mutum shi ɗebo abin da ɗanai yas sawo mai, shi ba ni don ƙauna, in maishe mai da hannu? Ba a yi min wagga tarbiyya ba."

"To amsa ka jefa aljihu."

"Tsaye shi kai har sai na haɗiye."

Sirajo ya fita bai yi sallama ba. Ya leƙa ta ƙofar cikin gida ya yi wa Inna Fadimatu magana, ko ita za ta iya. Tana tankaɗe ta ɗago fuska duk gari.

"Ɗan nan, na hwaɗi har na gaji. Cewa yay yi in je in hwaɗa ma Alhaji da bakina. Ni wa? Jiya ma wajen alwala sai da yad dahe randa."

A gida ma bai samu sauƙi ba. Matarsa Riskuwa ta ajiye masa tuwo ta ce, "Kai ma ka rage hwaɗa. Tun daga nan ni ka jin muryarka. Tsoho lallashinai a kai." Sirajo ya ce ya yi lallashin har ya gaji, alhali shi da ita duk sun san bai taɓa gwadawa ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Kullum da uzuri. Yau inji ya ƙi tashi, gobe tsuntsaye, jibi ana ta'aziyya. Sirajo ya kai ga in ya hango tsohon a kan tsohon babur ɗinsa ya nufi hanyar Zauro, sai gabansa ya faɗi, sannan haushi ya biyo baya. Abu ɗaya yake nema a duniya, a ɗaura wa mutumin nan abin awo a hannu kafin ya faɗi inda ba mai cafe shi. Abin da bai fi a sha shayi a tashi ba, ya gagara.

Sai Allah ya kawo dama. Fiddausi, 'yar Malam Tamba da ke aure a Argungu, ta haihu. Mata suka yi gaba tun ana jibi suna. Ranar suna Sirajo ya ce shi zai kai Baba, kuma ba ya son jin maganar kuɗin mai. Suka yi sammako, aka raɗa wa yaro suna Mujtaba, aka yanka rago, aka raba goro da dabino. Da hantsi ya yi, Sirajo ya raɗa wa tsohon cewa ya raka shi ya duba wani abu a cikin gari. Malam Tamba, da ba ya iya cewa a'a, ya shiga gaba ya zauna. Motar ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙofar wani ƙaramin asibiti.

Tsohon ya dubi ginin, ya dubi Sirajo. "Yaudara ta kai mu ga haka?"

"Ta kai. Ka sauka, ko wallahi in kwana nan."

Ya sauka. Malamar da ke bakin aiki yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Fiddausi ba. Ta ɗaura masa abin awo yana zaune, ta duba, ta ɗan yamutsa fuska. Ta ce ya miƙe. Yana miƙewa ya lumshe ido ya dafa teburi. Ta sake gwadawa a tsaye, sannan ta zaunar da shi da kanta, ta aika aka kawo masa ruwa.

"Baba, wane magani kake sha?"

"Akwai tawa, 'yar ƙarama. Akwai hwara ta Alhaji Atiku. Akwai mai ruwan ƙasa-ƙasa ta Hajiya."

"Sunansu nake tambaya."

"Ai su na nag gaya miki, ɗiyata."

Ta dubi Sirajo. Sirajo ya buɗe hannuwa, irin na wanda ya daɗe yana faɗa ba a ji.

"Baba, jininka ƙasa yake, in ka tashi tsaye kuma sai ya ƙara faɗuwa. Shi ya sa kake ganin juwa. Duk ƙwayar da ka ƙara, ƙara tura shi ƙasa kake yi. Kada ka sake shan na kowa. Gobe ka kwashe su duka, har naka, ka kai wa likitan da ya fara duba ka a Birnin Kebbi, ya gwada zuciyarka da sukari, don juwa ba abu ɗaya ke kawo ta ba. Ka sha ruwa sosai. In za ka tashi, ka ɗan zauna tukuna. Kuma rana ba taka ba ce yanzu."

"To, ɗiyata. Na ji. Allah shi yi miki albarka."

Da mai hankali ne da ya yi shiru ya bar maganar ta zauna. Ba Sirajo ba. Tun daga ƙofar asibitin har suka koma gidan suna yana ta maimaitawa. "Ka ji ko? Mi nac ce? Ƙasa! Direban da kunka yi ma dariya." Malam Tamba yana kallon titi ta taga, yana cewa, "Hakanan na. Ka yi gaskiya."

Surukin Malam Tamba, wato mahaifin mijin Fiddausi, Alhaji Zayyanu ne, dattijo mai almajirai da ciniki, wanda in yana magana ba a katse shi. Ya sa aka shimfiɗa wa baƙin Birnin Kebbi darduma a zaurensa na ciki, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, manyan unguwa suka kewaye. Tsakanin surukan nan biyu akwai kunya mai nauyi. Shekarun nan duka ba su taɓa haɗa ido sosai ba, kowa in zai yi wa ɗan'uwansa magana tabarma yake kallo. Aka ci aka ƙoshi. Zafi ya cika zauren, fanka ba wuta. Malam Tamba ya ga lokacin sallama ya yi, ya manta da maganar malamar asibiti, ya miƙe zumbur don kada surukinsa ya riga shi tashi.

Ya tafi luu. Mutum biyu suka tare shi.

"Subhanallahi," in ji Alhaji Zayyanu. "Hawan jini na? Ni ma shi ka damuna." Ya sa hannu a ƙarƙashin matashin da yake jingine, ya jawo wani ɗan gwangwani, ya buɗe da kansa. Bai ba wani ya miƙa ba. Ya taso, ya durƙusa a gaban surukinsa, ya sa masa ƙwayar a tafin hannu. Duk wanda ke zauren ya san girman abin da aka yi.

Malam Tamba ya rufe hannunsa a kan ƙwayar, ya fara godiya. Sirajo yana daga bakin ƙofa. Bai ga inda hannun ya nufa ba, abin da ya gani kawai ƙwaya ce a hannun mutumin da aka ce kada ya ƙara. Jininsa ya tafasa.

"Kada ka sha! Yanzun ga anka hana ka! So ku kai ku kashe shi?"

Wani da ke suɗe hannu ya tsaya da yatsa a baki. Alhaji Zayyanu yana nan durƙushe, fuskarsa ta canza, ya rasa ko ya tashi ko ya zauna. A gidansa, ranar sunan jikansa, a gaban mutanensa, baƙo ya ce masa mai kisa.

Malam Tamba ya dubi surukinsa, karo na farko ido cikin ido. Sannan ya buɗe hannu, ya ce, "Yaro na, Alhaji, a yi mai haƙuri. Abin da yah hito hannunka ai lahiya ta." Ya yi bismillah, ya jefa ƙwayar a baki, ya ɗauki kofin ruwa ya kora, ya nuna wa kowa tafin hannunsa ba komai.

Suka kamo hanyar dawowa, suka bar Argungu a baya. Sirajo yana tuƙi kamar motar ce ta yi masa laifi. Ya ƙi tsayawa wa masu ɗaga hannu a bakin titi. Can ya kasa daurewa.

"Don Allah, Baba, mi an amfanin zuwanmu asibiti? Da kunnenka kaj ji."

Tsohon ya jingina kansa da kujera, idonsa a rufe. Muryarsa ba faɗa a ciki, kuma da ya yi faɗan da ya fi sauƙi.

"Aljihu za ni sa ta, Sirajo. Yadda kac ce. Har na shirya in ce mai sai na isa gida, don na ci abinci da yawa."

Sirajo ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi.

"Da kab buɗe baki, ba ni da sauran hanya. In bar uban mijin ɗiyata durƙushe an ce mai mai kisa? Fiddausi cikin gidan ga za ta kwana, ba kai ba."

Suka wuce Zauro. Tsohon ya buɗe ido ya leƙa fadama, kore shar har iyakar gani, ya daɗe yana kallo. Da suka tsaya a ƙofar gida Sirajo ya zagayo ya buɗe masa, ya ce a hankali, abin da bai saba ba, "Gobe in kai ka wajen likita. Don Allah."

"Allah shi kai mu."

Washegari Sirajo ya goge mota, ya kawo ta ƙofar zauren Malam Tamba ya yi hon. Shiru. Ya leƙa. Inda babur ke tsayawa ba komai sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Inna Fadimatu, da ta dawo a motar mata, ta fito tana gyara lulluɓi.

"Ya tahi tun da anka sallame asuba. Ya ce jiya shinkahwa ba ta sha ruwa ba, shi ba ta shi dawo kahin rana ta yi zahi, sai ku tahi."

"Ya ci wani abu?"

"Ko hura bai taɓa ba."

"Magani hwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya sha ƙwaya tashi. Kuma Alhaji Atiku ya ji labarin abin da yaf faru Argungu, shi da kainai yaz zo masallaci yab ba shi wata."

Sirajo ya daki bango da tafin hannu har ƙasa ta zubo. Ya faɗa mota. Duk hanyar Zauro yana shirya abin da zai faɗa, yana faɗi a fili shi kaɗai. Yau ba Baba ba kara. Zai ɗauke shi cak ya jefa a mota, in ya so unguwa ta ce ba shi da kunya. Zai je gidan Alhaji Atiku ya kwashe ledar nan ya zuba a masai. Ya gaji. Wallahi ya gaji da mutanen da za su kashe ka da alheri, da mutumin da zai mutu don kada a ji kunya.

Ya ajiye motar inda hanya ta ƙare, ya bi kan kunyar gona da ƙafa. Tun daga nesa yake jin injin yana ta ɓaɓatu. Ga babur a ƙarƙashin bishiya, ga gorar ruwa rataye a hannun babur ɗin, cike. Abin da ya fara ba shi tsoro ruwa ne. Ya cika fangalin shinkafa na farko ya tsallake, yana malala cikin gonar maƙwabci, kuma Malam Tamba bai taɓa barin ruwa ya ɓata ko da na wanke hannu ba.

"Baba! Baba Tamba!"

Ya same shi kusa da bakin tiyo, ruf da ciki a cikin shinkafa. Ga alama ya tsuguna ya gyara tiyon ne, ya miƙe. Ruwan da fuskarsa ke ciki da kyar ya rufe idon sawu. Sirajo ya juya shi, ya share masa laka daga hanci da baki, ya girgiza shi, ya danna ƙirjinsa, ya kira sunansa har muryarsa ta dushe. Manoman da ke kusa suka sheƙo. Wani dattijo a cikinsu ya taɓa wuyansa, ya ja masa ido ya rufe, ya yi salati. Wani ya je ya kashe injin.

A motar Sirajo aka kawo shi gida, kwance a kujerar baya, an lulluɓe shi da rawanin wani. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Da aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, magana ɗaya ce ke yawo a bakin masu ta'aziyya. Jini ne ya hau ya kayar da shi. Ciwon nan ba ya sallama. Sirajo yana zaune a gefe, wandonsa har yanzu da busasshiyar laka, yana jin kowace kalma tana sauka a ƙirjinsa. Mutanen Argungu suka iso. Alhaji Zayyanu ya bi layi yana ba kowa hannu, da ya zo kan Sirajo ya ba shi shi ma, ya wuce.

Can Alhaji Atiku ya matso kusa da shi. Tsohon ya yi kuka har idanunsa sun kumbura.

"Sirajo, kai ka kula da shi, na sani. Ni ma na yi iyakar yina. Wallahi kwanan ga ban sha tawa ba. Sun kusa ƙarewa, nac ce Tamba ya hi ni buƙata, shi ka shiga rana. Ta yau da sahe ita ta ta ƙarshe. Ashe ba ta isa ba."

Maganar ta taso wa Sirajo. Duk abin da ya shirya a hanyar Zauro yana nan, bai zubar da ko ɗaya ba. Ya dubi hannun tsohon da ke kan gwiwarsa, fata da ƙashi. Ya buɗe baki. Baƙin ciki ya cika shi, haushin Alhaji, da na mamacin, da nasa na kansa wanda ya fi duka ɗaci.

"Allah shi ba da lada, Alhaji," ya ce. "Gobe in zo in kai ka a gwada ka."

"To, ɗana. In an yi addu'ar ukku."

Bayan la'asar Inna Fadimatu ta aiko Riskuwa ta gaya masa an bar inji da babur a fadama, kada a wayi gari babu su. Sirajo ya tafi shi kaɗai. Rana ta yi sanyi, manoma sun fara watsewa. Ya naɗe tiyon yadda ya ga mai shi yana yi, ya kasa, ya sake naɗewa. Ya ɗauki injin ya kai mota, ya roƙi wani manomi da gidansa ke kusa ya tura babur ɗin ya ajiye a can.

Har ya juya zai tafi, sai ya koma ya tsaya a kan kunya. Ruwan ya tsotse, ƙasa ta sha ta ƙoshi. A tsakiyar koren nan akwai wuri guda da shinkafar ta kwanta, tsawon mutum, da inda hannu ɗaya ya miƙe gefe. Daga bakin wurin ganyen ya riga ya fara ɗagowa.